Tibi a ƙoda, ba tari ba rama: yadda aka yi aka gano nawa

Duk wanda na faɗa wa cewa tibi ne ya kama min ƙoda sai ya tsaya yana kallona, tambayar farko kuma guda ɗaya ce, to ke da ba kya tari? Wallahi ban yi tari ba, ban rame ba, ban yi gumin dare ba, in ma gaskiya za a bi ƙiba na ƙara a lokacin saboda zaman keken ɗinki. Shi yasa ma aka daɗe ana ta kewaye, aka ce sanyi ne, aka ce tsargiya ce, aka ce tsakuwa ce, har sai da aka kai ga kiran sunan kansa, wato ciwon daji, alhali abin da zai nuna hanya yana nan rubuce a takardun gwajin da nake ta tarawa a leda tun farko, ba wanda ya jera su ya duba ne kawai.

Abin ya fara min ne da yawan fitsari. Ba wai mai yawa nake yi ba, ɗan kaɗan ne amma a kai a kai, da dare in tashi in koma in sake tashi, da rana kuwa riƙe alwala ya zama aiki, in na yi ta azahar ba ta kai ni la'asar, in zan shiga Kwari sayen yadi sai na fara lissafin shagon wa zan roƙa banɗaki. Sai ɗan raɗaɗi a ƙarshen fitsarin, da wani ciwo mara ƙarfi a kwiɓina na hagu wanda nake ɗora wa keke. Kowace mace ta san abin da za a ce mata, sanyi ne. Ɗan kemis ɗin layinmu ya ba ni wani antibayotik da ake ce wa sifro, na sha, aikuwa na ji sauƙi sosai, sai bayan 'yan makonni abu ya dawo, na koma ya sake ba ni, sauƙin ya ragu. Daga nan sai jiƙe-jiƙe, kanumfari da tafarnuwa, bagaruwa a zauna a ciki, masu tallan maganin sanyi a WhatsApp kam sun ci kuɗina Allah ya sani. Har maigida sai da aka haɗa masa nasa wai shi yake sake mayar min da shi, bawan Allah ya yi ta sha ba abin da yake damunsa, kuma maganar ta so ta kawo ɗan tsami a tsakaninmu dan kun san yadda zargi yake shigowa a irin wannan.

Da na gaji na je asibiti aka rubuta min gwajin fitsari, mai dubawa a madubin lab da kuma wanda suke ce wa kalca, wato a shuka fitsarin a ɗan faranti a ga wace ƙwayar cuta ce za ta tsiro. Sakamako ya fito, mugunya fal a fitsarin, da ɗan jini wanda ido ba ya gani, amma a ƙasan takardar an rubuta babu abin da ya tsiro. Wanda ya duba ni ya ce ai maganin da na sha ne ya ɓoye ƙwayar, in daina shan komai in dawo. Na daina, na dawo, haka ya sake fitowa. Na canja lab ma dan ina zargin ko na farkon ne ba su iya ba, duk kanwar ja ce, mugunya na nan, ba abin da ya tsiro. Wata nas har ce min ta yi Hajiya ki gode wa Allah ba ki da infekshan, na ce to Sista mugunyar daga ina take zuwa, ta ce ƙila wajen ɗibar fitsarin ne ba na tsarki da kyau. Na fito raina a ɓace da wani sabon antibayotik a hannu.

Ana haka wata safiya na ga jini ƙiri-ƙiri a fitsari, ba zafi ba komai. Ni 'yar wajen Kura ce, a bakin kanal muka tashi muna wanka da wanki, tsargiya kuwa ba baƙuwa ba ce a wajenmu, yaran unguwa maza har gasa suke da ita a da. Umma na jin labari ta ce ai shikenan an gano, tsargiyar yarinta ce ta taso. Likita ma da ya ji inda na taso can hankalinsa ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Aka ce in kawo fitsarin tsakar rana, tsakanin ƙarfe 10 na safe zuwa 2, dan a lokacin ne ƙwan tsutsar ya fi fitowa, kuma na ƙarshe-ƙarshen ake so. Ba a ga ƙwai ba amma duk da haka aka ba ni firazikwantel daidai nauyina, na sha na wuni ina jiri. Jinin ya ɗauke da kansa, ya sake dawowa da kansa.

A irin wannan zirga-zirgar ne aka auna jinina aka ga ya hau, ni da ban taɓa hawan jini ba ko a lokacin ciki, a gidanmu ma ba mai shi. Aka ce damuwa ce da rashin barci, aka ɗora ni a kan magani. Sai wata likita mace, Allah ya saka mata, ta ce ita fa hankalinta bai kwanta da mace mai shekaruna da jini a fitsari da ciwon kwiɓi da sabon hawan jini duk a lokaci guda ba, in je a yi min sikanin na ƙoda. Mai sikanin ya daɗe yana goga abin nan a gefen hagu, yana cewa in ja numfashi in riƙe, ya juya ni ya sake juyawa, daga ƙarshe ya rubuta cewa ƙodar hagu ta kumbura fitsari yana taruwa a ciki, akwai wasu fararen ɗigo kamar tsakuwa, sannan akwai wani dunƙule a samanta wanda bai gane masa ba, a yi siti-sikan. Gwajin jini na aikin ƙoda kuwa, kiriyatinin, lafiya lau ya fito, na yi ta murna, sai daga baya aka fahimtar da ni cewa ƙoda ɗaya mai lafiya tana iya ɗaukar aikin biyu, wannan gwajin ya fito daidai alhali ɗayar tana can tana lalacewa.

Siti-sikan ɗin kuɗi ne masu nauyi, sai da Yaya ya cika mana. Ana saka wani ruwa ta jijiya, ka ji ɗumi ya bi jikinka gaba ɗaya har ka ɗauka fitsari ya kufce maka, sai a ɗauki hoto a jira a sake ɗauka lokacin da ruwan yake sauka ta hanyar fitsari. Rahoton da ya fito shi ne ya tsinka mana zuciya, dan a cikin abubuwan da aka lissafa cewa dunƙulen nan zai iya zama har da kansar ƙoda. Maigida ya karanta ya naɗe takardar ya sa a aljihu ya ce ba komai, ni kuwa na riga na ga fuskarsa. Wannan satin ba na son tuna shi. Aka tura mu babban asibiti wajen likitocin tiyatar hanyar fitsari, aka fara maganar ƙila a cire ƙodar.

To a nan ne aka samu wanda ya nutsu. Babban likita ne mai furfura, ɗalibai kewaye da shi, bai fara da hoton ba ma, sai ya ce Malama wannan ledar ta mece ce, na ce tsofaffin takardun gwaji ne likita, ya ce kawo. Ya baje su a tebur ya jera su bi da bi daga na farko, yana nuna wa ɗalibansa da biro, nan mugunya ba tsiro, nan mugunya ba tsiro, nan ma haka. Ya tambaye ni wane magani ne in na sha nake jin sauƙi, na ce sifro, ya gyaɗa kai. Sai ya ce a gidan da kika taso akwai wanda ya taɓa yin dogon tari? Na ce babu, sai kuma na tuna kakata ta wajen uba, wadda a ɗakinta nake kwana ina firamare, ta yi shekara tana tari tana ramewa har akan kai ta a yi mata allurai, mu yara ba a faɗa mana ko mene ne ba. Na ce amma likita wannan ai ya fi shekara ashirin. Ya ce ai dama haka yake yi.

Bayanin da ya yi wa ɗaliban ni ma na kasa kunne, kuma daga baya ya sake yi mana da Hausa ni da maigida. Ƙwayar tibi ta huhu take shiga in ka shaƙi iskar mai tari, amma tun a farkon shigar wasu suna bin jini su bazu, su sauka a ƙoda ko ƙashin baya ko ƙwaƙwalwa ko kaluluwar wuya. Jiki ya kewaye su ya danne su, su kwanta shiru shekara biyar, goma, ashirin har fiye, huhun ya warke sarai mutum bai ma san an yi ba. Ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, ko saboda ciwon suga ko ƙanjamau ko rashin abinci ko wasu magunguna, wani lokacin ma ba wani dalili da za a nuna, sai su farka a cikin ƙodar su fara cinta daga ciki, su biyo fitsari su gangaro bututu zuwa mafitsara. Yawan fitsarin da nake yi mafitsarar ce ta ƙuje, wato ciwon yana sama amma ƙarar a ƙasa take fitowa, shi yasa kowa yake bin mafitsara da magani. Ya ce bayan na kaluluwa da na rigar huhu, na hanyar fitsari yana cikin tibin da aka fi gani a wajen huhu, kuma da yawa daga masu shi ba su da zazzaɓi ko rama, hoton ƙirjinsu ma tas.

Maganar rashin tsiro kuwa ita ta fi tsaya min. Ƙwayoyin da suka saba kawo ciwon fitsari kamar minti 20 suke yi su rabu biyu, dan haka kwana ɗaya ko biyu sun cika faranti an gan su. Ta tibi sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, kuma ba ta ma cin abincin da ake zubawa a farantin kalca na yau da kullum, nata daban ne. Kenan lab ba su yi ƙarya ba, abin da aka ce su nema ne babu shi. Mugunyar kuma sojojin jiki ne da suke ta faɗa da wani abu. In aka ga mugunya ba tsiro sau da yawa a ƙasa irin tamu, wadda ita ce kan gaba a yawan masu tibi a duk Afirka, ya ce dole a sa tibi a lissafi, duk da akwai wasu abubuwan da suke kawo haka, irin su tsakuwa da tsargiya da wasu cututtukan saduwa da shan antibayotik kafin gwaji. Ita kuma sifro da danginta irin su lebofulozasin suna ɗan taɓa ƙwayar tibi, lebo ɗin ma yana cikin magungunan da ake ba masu tibi mai taurin kai, to sai su ɗan kwantar da ita ka ji sauƙi ba tare da sun kashe ta ba, su kuma sa gwaji ya ƙi nunawa, ga haɗarin koya mata jure magani. Ni dai a ganina sayar da sifro kamar alewa da ake yi a kemis ba ƙaramin ɓarna yake yi ba, kowace mace da ta ce fitsari na mata zafi shi ake miƙa mata ba gwaji ba komai.

Sai ya ɗaga hoton siti ɗin ya nuna mana bakin 'yan kofunan da suke tara fitsari a cikin ƙodar, maimakon su yi sumul sun yi gatsa-gatsa, ya ce a littafi ana cewa kamar tufafin da asu ya ci, ni mai ɗinki nan take na gane abin da yake nufi. Ya nuna inda bututun ya tsuke a ƙasa dab da mafitsara, da fararen ɗigon da aka ɗauka tsakuwa ce, ya ce a cikin naman ƙodar suke ba a hanyar fitsari ba, tsohon miki ne ya daskare. Dunƙulen kuma ya ce ba zai rantse ba, tibi yana iya tara mugunya da mataccen nama wuri ɗaya ya fito sak ciwon kansa a hoto, kuma akwai mutanen da sai bayan an cire ƙodar an kai lab ake gane ashe tibi ne. Amma kansar ma tana yiwuwa, har su biyun suna iya haɗuwa a ƙoda ɗaya. Dan haka ba za a cire komai ba tukuna, a nemi tibin da gaske, in ba a samu ba a sa allura a ɗebo naman a duba.

Neman nasa kuwa aiki ne. An hana ni shan kowane antibayotik, aka ba ni robobi masu murfi guda uku da aka tsaftace, na safiya uku a jere, wasu ma har biyar ake ce musu. Fitsarin farko na asuba ake so, wanda ya kwana a mafitsara, dan ƙwayar ba kullum take fita ba kuma 'yar kaɗan ce, yau ta fito gobe ba ta fito ba. Ni kuma matsalata kenan, ba na iya riƙe fitsari awa biyu, sai na daina shan ruwa tun magariba, in yi na ƙarshe wajen tsakar dare in daure in yi ta juyi har kiran assalatu. A yi tsarki da ruwa sosai, a cika robar dan da yawa suke so ba ɗan kaɗan irin na sauran gwaji ba, a rufe a rubuta suna, maigida ya ɗauka a mashin ya kai kafin rana ta yi zafi dan ba a so ya jima. A lab sai su juya shi a inji ya kwanta, gurɓin ƙasan shi suke aiki da shi. Ranar farko ma sai da aka ɗan yi ja-in-ja, wanda yake karɓa ya ce su kaki suka sani, sai da aka kira wanda ya rubuta ya yi musu bayani.

Gwaji uku aka yi da shi. Na farko a shafa a gilashi a rina a duba a madubi, wannan bai nuna komai ba, likita ya ce dama ba ya dogara da shi a fitsari, dan sau da yawa ba ya gani, in ma ya gani akwai wata 'yar uwar ƙwayar tibi mara cutarwa da take zama a fatar al'aura wadda take rinuwa iri ɗaya ta ruɗa mutane. Na biyu injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010, shi ƙwayar halittar tibin yake nema, cikin kamar awa biyu ya gama, kuma yana faɗa ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga manyan magungunan tibi, ko ba ta ji. Na safiyar farko ya ce babu. Gwiwata ta yi sanyi dan ni a lokacin addu'a nake Allah ya sa tibin ne, ku ji fa, mutum yana roƙon tibi, amma in ɗayan zaɓin ciwon kansa ne ai dole. Na safiyar ƙarshe ne ya nuna, an gani kaɗan ƙwarai, kuma tana jin magani. Da roba ɗaya aka kai da an ce min ba ni da shi. Na uku shi ne kalcan tibi na musamman, ba kowane lab ke yi ba sai manya, irin na cibiyar tibi da kuturta da ke Saye a Zariya da wasu asibitocin koyarwa, shi kuma sai a yi sati 6 zuwa 8 ana jira in a kan daskararren abinci aka shuka, na ruwa ya fi sauri. Ba a jira shi ba aka fara min magani, ya fito daga baya ya tabbatar.

An yi hoton ƙirji, ba komai sai wani ɗan tabo a sama. An ce in ba da kaki, na yi ta ƙaƙari da kyar na samu, babu komai a ciki. An yi gwajin ƙanjamau, wannan duk mai tibi ana yi masa kada kowa ya ji wani iri, da na suga da na hanta, aka kuma gwada idona da wasu hotuna masu kala saboda ɗaya daga magungunan yana iya taɓa gani.

A layin asibitin nan na gane nawa ma da sauƙi, kuma ba kama ɗaya yake zuwa wa kowa ba. Akwai wani dattijo da matarsa take ba ni labari, shi maraina ne suka kumbura gefe ɗaya ba ciwo sosai, aka yi ta allurai har wajen ya fashe yana tsiyaya, ashe daga ƙoda abin ya gangaro. Likita ya ce a maza wani lokacin rashin haihuwa ne kaɗai alamar, ya toshe hanyar maniyyi, a mata kuma yana kama bututun mahaifa ya toshe shi a yi ta yawon neman haihuwa. Wasu ba sa jin komai sam, sai an je hoton wani abu daban a tarar ƙoda ɗaya ta mutu ta ƙandare ta zama fara fat. Wasu hawan jini ne kawai. Akwai kuma wani nau'in da ba ya yin rami ko kumburi, sikanin ya nuna ƙoda sumul, fitsarin ma ba wata mugunya sosai, sai dai aikin ƙodojin biyu ya yi ta raguwa har a fara maganar wankin ƙoda, wannan sai an tsinko naman ƙodar da allura ake ganinsa. Wadda ta fi ba ni tausayi wata yarinya ce matashiya da mafitsararta ta tsuke ta ƙanƙance saboda daɗewa, ba ta iya riƙe ko rabin kofin shayi, ita magani ya kashe ƙwayar amma tabon ba ya komawa sai tiyata.

Magani a sashen tibi ake karɓa, wanda ake kira DOTS, kyauta ne, gwajin GeneXpert ma kyauta, akwai ma lambar 3340 da ake kira ba a cire kati a tambayi wuri mafi kusa. Abin da ya ci mana kuɗi hotuna ne da aikin da aka yi min a tiyata. Aka ɗora ni a sikeli, aka buɗe min kati, wata shida, biyun farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, rifamfisin da aisoniyazid da firazinamaid da etambutol, yawan ƙwayoyin daidai nauyinka, sauran wata huɗun kuma biyun farko kawai, da ɗan bitamin B6 saboda kada ƙafa ta riƙa yin jimmm. Da safe kafin a ci komai. Nas ɗin ta ja kunnena a kan abu uku, fitsari zai koma ja-ja ruwan lemo har hawaye da gumi kada in tsorata in ce jinin ne ya dawo, in na ga idona ya yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa in daina in zo a ranar, sannan ta rage murya ta ce in ina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko ina da na sakawa a hannu to rifamfisin yana rage musu ƙarfi, in je a canja min wata hanya. Wannan na ukun mata da yawa ba a faɗa musu.

A gida kuma sai da aka yi fama. Ana jin kalmar tibi Hajiyar maigida ta sa aka ware min kofi da cokali, ta ce yara su koma ɗakinta. Ban ce komai ba, sai na sa maigida ya tambayi likita a gabana, ya ce tibi ta iska ake ɗaukarsa daga mai na huhu ko maƙogwaro, tunda huhuna lafiya ba wanda zan shafa wa ta numfashi, kofi da cokali kuwa ko mai na huhun ma ba ta nan ake ɗauka ba. An dai duba yaran da shi maigidan dan a tabbatar ba wani mai tari a gidan. Hajiya ta sakko amma kofin nan sai da ya yi wata biyu a gefe, na bar ta, tsoro ne ba ƙiyayya ba.

Abin da ban zata ba shi ne fara magani ba shi ne ƙarshen haɗari ga ƙodar ba. Wajen da ya yi miki in yana warkewa tabo yake yi, tabo kuma tsukewa yake, to bututun da dama ya matse sai ya ƙara matsewa a makonnin farko, mutum yana jin sauƙi yana murna ƙodar tana can tana kumbura. Saboda haka aka shiga da ni tiyata, ba yanka ba ne, ta hanyar fitsari aka bi da kyamara aka zura wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai da gindi tun daga ƙoda har mafitsara ta riƙe hanyar a buɗe. Tana da takura gaskiya, in na daɗe a kan keke sai in ga ɗan jini, in ina fitsari in ji ya soke ni a kwiɓi, kuma an rubuta min ranar cirewa da jan biro dan in aka manta da ita tsakuwa take tarawa. Ana ta maimaita sikanin, a wata na uku dunƙulen nan ya ragu sosai, a nan ne likita ya ce yanzu ya cire maganar ciwon kansa daga lissafi, dan kansa ba ta jin maganin tibi.

Na gama wata shida, an cire robar, mugunya ta ɓace a fitsari. Ƙodar hagu ta ɗan ƙanƙance kuma ba ta aiki kamar ta dama, amma tana nan ba a cire ba. Hawan jinin bai tafi ba, ina kan ƙwaya ɗaya kullum, kuma har yanzu nakan tashi fitsari da dare sai dai ba kamar da ba. An hana ni diklofenak da ibufurofen da duk wani jiƙo da ban san abin da ke ciki ba, in ciwon baya ya dame ni farasitamol kawai. Ba a sallame ni gaba ɗaya ba, an ce za a ci gaba da duba fitsari da sikanin lokaci-lokaci na wasu shekaru saboda yana iya dawowa ko bututun ya sake tsukewa, na gaba bayan sallah ne in Allah ya kai mu.